Raddi ga masu kiran ɗurin kwandansa ha'inci

A tsakanin masu farfaɗo da tsofaffin rediyoyi masu bawul a Amurka da Ingila da Jamus, akwai gardamar da ta ƙi mutuwa. Rediyon shekarun 1930 zuwa 1950 cike yake da kwandansa na takarda da aka naɗe da siririn ƙarfe aka tsoma a kaki. Takardar na shan laima, shekaru na tafiya, har wutar da aka sa kwandansan ya tare ta fara tsiyaya ta cikinsa. Wasu masu gyara sukan gasa shi da iska mai zafi, kakin ya narke, su zare ruɓaɓɓen cikin, su zura sabon kwandansa na roba mai jure bolt 630 a tsohon kwanson, su toshe bakin da kaki, su mayar da shi inda yake. Wannan shi ne ɗurin.

Masu suka sun ce hanya biyu ce kawai ta gaskiya: ko a bar rediyo yadda masana'anta ta ƙera shi, ko a canza kayan a fili kowa ya gani. Ɗuri a wurinsu ba ya cikin ko ɗaya. Hujjojin nasu sun cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, cewa a bar tsohon kayan domin shi ne ke ba rediyo muryarsa ta asali. Rediyon Bush DAC90A, wanda ya fito a Ingila a 1950, ya isa amsa. A cikinsa akwai kwandansa guda da ke ɗaukar sauti daga bawul UBC41 zuwa bawul UL41, aikinsa ya bar sauti ya wuce, ya tare wuta mai ƙarfi. Da zarar ya fara yoyo, UL41 sai ya riƙa jan wutar da ta fi ƙarfinsa, ya yi zafi, taransifoman lasifika ya biyo baya ya ƙone. Kwandansan ana samunsa da 'yan kuɗi kaɗan, taransifoman kuwa an daina ƙera shi tun tuni, galibi sai an yanka wani rediyon ko an biya mai naɗi. Muryar da ake cewa ta asali ma ba ita ba ce: injiniyoyin Bush sun auna rediyonsu da kwandansa mai lafiya. Masu kafa hujja da tsadar kwandansan Sprague Bumblebee a wurin mawaƙan jitar Gibson sun manta cewa a jita ba a ɗora masa wata wutar kirki, a rediyo kuwa bolt ɗari da ɗoriya ne a kansa muddin yana kunne. Labarin lalacewar nan ɗaya ne ga kwandansan Hunts na Ingila da Wima masu kamar alewa na rediyoyin Jamus: kwansonsu ya tsage, cikinsu ya jiƙe.

Ta biyu, cewa tunda dole a canza, ɗuri ɓata lokaci ne, don ba mai leƙa ƙarƙashin rediyo. Nan ne suka fi yin kuskure, domin sun ɗauki kwanson a matsayin ado. A jikinsa aka buga sunan maƙeri, da ƙima, da ƙarfin wutar da yake jurewa, da lambar kaya, da zoben da ke nuna ƙafar da ke haɗe da naɗin waje. Wanda ya buɗe littattafan gyara na John F. Rider, waɗanda aka fara bugawa a farkon shekarun 1930, da irin waɗannan alamomi yake gane wane kaya ne wane a zanen wayoyin rediyon. Masana'antu kuma sukan sauya kaya ana tsakiyar ƙera samfuri ɗaya, zanen bai nuna ba. Idan an jefar da kwanson, wannan shaidar ta tafi.

Akwai kuma inda ɗurin shi ne ma hanyar da ta fi sauƙi. Kamfanin Philco, a rediyoyinsa na shekarun 1930 irin su samfuri na 90 mai kan baka da ya fito a 1931, ya zuba kwandansa a ƙananan akwatunan bakalayit ya cika da baƙin danƙo mai kama da kwalta. Kunnuwan akwatin su ne mahaɗar wayoyi da dama. Wanda ya cire akwatin sai ya nemi inda zai rataye wayoyin nan, ya huda ƙarfe, ya sauya musu hanya, alhali a sashen gajeren zango gusar da waya kaɗan na iya jawo fito da kuka. Mai ɗuri kuwa ya dumama akwatin, ya turo danƙon waje, ya liƙa sababbi a ciki, kowace waya na nan inda take. Haka ma dogon gwangwanin alminiyon da ke tace wuta: shi ma tushensa mahaɗa ne, kuma sababbin kwandansa sun ƙanƙance har biyu ko uku na shiga gwangwani ɗaya.

Ta uku ita ce mai nauyi, cewa ɗuri ha'inci ne ga mai saye da mai gyaran da zai zo daga baya. Tsoron yana da tushe. Mai saye zai iya zaton ba a taɓa gyara rediyon ba, mai gyara zai iya yanke kayan da ba su da laifi. Amma laifin a nan na ɓoyewa ne. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta nemi abin da aka maye ya dace da sauran ginin, kuma a iya bambanta shi da na asali. Ƙwararrun masu ɗuri abin da suke yi ke nan: takarda a cikin akwatin rediyon mai ɗauke da ranar aiki da jerin abin da aka ɗura, wasu har da hotuna da ɗigon fenti a gefen da ido ba ya kai wa sai an nema. Wanda ya ɗura ya sayar ya yi shiru, shi ne maha'inci, kuma da zai yi ƙarya ko da bai taɓa kwandansa ba.

Ta huɗu, cewa sabon kwandansan da aka rufe a tsohon kwanso zai yi zafi. Gaskiya ne kowane ƙarin digiri 10 na rage rayuwar kwandansa mai ruwan sinadari da kusan rabi. Maganinsa a sayi mai jure digiri 105, kada a cusa shi a matse. Na roba da ke maye na takarda ba ya samar da zafin da za a damu da shi.

Wurare biyu ne masu suka suke da gaskiya ɗungurungum, kuma mai ɗurin da ya ƙi ji a nan yana wasa da rai. Na farko, kwandansan da ke zaune a kan layin wutar gida, ko tsakanin layin da jikin rediyo a samfuran da ba su da taransifoman wuta irin su 'yan bawul biyar na Amurka, dole a maye shi da na kariya mai alamar X2 ko Y2, a bar shi a fili kowa ya karanta alamar. Na biyu, gwangwanayen da aka cika da mai: wasu na ɗauke da sinadarin PCB, wanda Amurka ta hana ƙerawa a 1979 saboda gubarsa. Waɗannan ba a yanka su, ba a gasa su.

Ba kuma kowane rediyo ne ya cancanci wahalar ba. 'Yan bawul biyar da aka ƙera miliyoyi, a canza musu kaya a fili a kunna. Philco 90 kuwa, ko Zenith Trans-Oceanic na farko-farko, ko rediyon da bai taɓa ganin dalmar mai gyara ba tun da ya bar masana'anta, awannin da za a ƙara wajen narkar da kaki ba su kai abin da za a rasa ba idan aka zubar da kwansunansa a shara.