Bawan da Ya Tuƙa Jirgi Har Majalisa

Ya ku 'yan'uwa na rassan Illela da Ƙonni da Malbaza,

Ƙasarmu ba ta da teku, amma babu kasuwar da za ka shiga ka rasa wanda ya taɓa cin rani a Ikko ko Kwatano ko Abijan. Ku tambaye shi. Zai gaya muku babban jirgin ruwa, kome girmansa, ba ya shiga tasha shi kaɗai, sai wani ɗan ƙaramin jirgi ya fita ya jawo shi. Mai tuƙa ƙaramin nan kuwa shi ya san inda rairayi ya taru da inda ruwa ke da zurfi, amma ba wanda ya san sunansa. Yau labarin wani mai irin wannan sani muka kawo muku.

Sunansa Robert Smalls. An haife shi bawa a 1839, a garin Beaufort na jihar Karolina ta Kudu, a Amurka. Yana ɗan shekara 12 ubangijinsa ya tura shi ƙodago birnin Charleston, babbar tashar jiragen ruwa, shi da wahala, ubangiji da kuɗi. Ya yi dako, ya ɗinka filafilan jirgi, har ya kai ga riƙe matuƙi. Ya san ruwan tashar nan kamar yadda madugu ya san rijiyoyin hanya, amma ba a yarda a kira shi jagora ba, don wai muƙamin na farar fata ne. Da ya nemi fansar matarsa da 'yarsa aka yanka masa dalar Amurka 800. Abin da ya iya tarawa 100 ne kacal.

A 1861 yaƙin basasa ya tashi tsakanin Arewa da Kudu masu riƙon bayi. Smalls yana tuƙa wani jirgin tururi mai suna Planter, mai yi wa sojan Kudu jigilar igwa da albarushi. Wani dare Turawan jirgin suka sauka suka tafi kwana cikin gari. Kafin asubar 13 ga Mayu 1862 shi da 'yan'uwansa bayi suka hura wuta, suka biya suka ɗauki matansu da 'ya'yansu. Ya ɗora malafar kyaftin a ka, ya bi ta gaban sansanonin igwa ɗaya bayan ɗaya, har da na Sumter, ko'ina ya busa usur daidai yadda aka saba, masu gadi suka bar shi ya wuce. Da ya fita inda harsashi ba ya kai wa, sai ya sauke tutar Kudu ya ɗaga farin zanen gado, ya miƙa jirgin ga sojan Arewa. Jama'a, ba ƙarfin damtse ya fid da su ba. Sanin hanya ne, wanda ya shekara goma yana tarawa alhali masu shi suna ganin jaki suke kiwo.

A ƙarshen 1863 aka naɗa shi kyaftin na wannan jirgin. A 1864, yana da mata da 'ya'ya, bai ji kunya ba ya ɗauki malami ya koyi karatu da rubutu. Ya sayi gidan da aka haife shi bawa a cikinsa, kuma da matar tsohon ubangijinsa ta tsufa ta rasa madafa, ya ba ta ɗaki har ta rasu. A taron tsarin mulkin jiharsu na 1868 ya tsaya kai da fata sai an buɗe makarantu kyauta ga kowane yaro. Sau biyar yana shiga majalisar wakilai ta Amurka tsakanin 1875 da 1887.

Da a nan labarin ya ƙare, da sai mu yi guɗa mu watse. To, ba a nan ya ƙare ba. Waɗanda suka sha kashi a fagen yaƙi suka komo ta hanyar takarda. A 1877 suka gurfanar da shi bisa zargin cin hanci, kotu ta yanke masa hukunci, sa'an nan aka yafe masa a 1879. A 1895 suka kira sabon taron tsarin mulki. Baƙar fata su ne mafi yawa a jihar, amma wakilansu shida ne rak, Smalls na cikinsu. Aka rubuta cewa ba mai jefa ƙuri'a sai ya biya haraji, ya kuma karanta wani yanki na dokar ko ya fassara shi har mai rajista ya gamsu. Mai rajistan kuwa nasu ne. Smalls ya yi magana iyakar ƙarfinsa, ya ƙi sa hannu, amma dokar ta wuce. Ya ƙare aikinsa yana shugaban duwan na tashar Beaufort, ya rasu a 1915. Daga 1897 jihar nan ba ta sake aika baƙin mutum majalisar wakilai ba sai 1993. Kusan shekara ɗari ke nan!

Ku duba da kyau. Ƙwace jirgi dare ɗaya ya ci. Abin da aka ƙwato kuwa, alƙalami ya komar da rabinsa ba tare da an harba ko bindiga ɗaya ba a zauren taron. Ba mu ce karatu kaɗai zai ceci mutanen Smalls ba, gama wanda ya yi niyyar zalunci ba ya rasa hujja. Amma ta ƙofar jahilci aka shigo musu, kuma an ce rashin sani ya fi dare duhu. Manomin albasa na Galmi da aka miƙa wa takarda ya dangwala yatsa bai san abin da ke ciki ba, shi ma ƙofarsa a buɗe take.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane reshe. Ku nemi mai karatu ɗaya a cikinku, boko ko ajami, ya riƙa koya wa manya bayan sallar isha, ko da dare biyu ne a mako. Kada wani ya dangwala yatsa a takardar gona ko ta bashi sai an karanta masa ita a gaban shaidu. Yaran da ke makaranta, maza da mata, kada a cire su don talla ko cin rani. In kuma za ku zaɓi shugaban reshe, ku dubi wanda ya san hanya, ko da ɗan dako ne ko karen mota, kada girman rawani ya ruɗe ku.

A 2023 sojan ruwan Amurka suka sa wa wani jirginsu na yaƙi sunan Robert Smalls, shekara 108 bayan an binne shi. Girmamawa ce, amma ba ta komar wa kowa ƙuri'ar da aka hana shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yan'uwa. A karanta wannan takarda a taron reshe, a miƙa wa na gaba.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.