Akwatin Intanet Na Ofis, Da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Duk wanda ya shiga kantin magani ko ofishin ƙaramar hukuma a kwanakin nan, da wuya ya rasa ganin wani ɗan akwati mai ƙahoni an ɗora shi bisa kabad. Shi a ke kira rauta. Sim a ke sa masa kamar wayar hannu, ya jawo intanet daga turken kamfanin waya, sa'an nan ya rarraba wa kwamfutocin da ke cikin ginin. Ba haƙa rami, ba jan igiya.

Dalilin karɓuwarsa a nan ba ɓoyayye ba ne. Sa'ad da aka ba da lasin na GSM cikin 2001, layukan NITEL duka ba su kai rabin miliyan ba, galibinsu kuwa a manyan birane su ke. A Ingila ɗan kasuwa kan ajiye wannan akwati don ko-ta-kwana, watau ranar da igiyarsa ta yanke. Mu a nan shi ne uwa, shi ne uba.

Masu sayarwa kan yi kirari da irin wanda ke cin sim biyu, wai in layin kamfani guda ya ɗauke sai ya koma kan ɗayan da kansa. Gaskiya ne, kuma dabara ce mai kyau. Amma fa akawu ya lura tun bai sa hannu a takardar saye ba: sau da yawa kamfanonin nan turke guda su ke haya, injin guda ke ba su wuta. In man injin ya ƙare, sim biyu da sim goma duk ɗaya ne. Ran 14 ga Maris, 2024, igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a yammacin Afirka, bankuna suka yi ta ba mutane haƙuri. Haka kuma cikin Satumba 2021 Gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda ɓarayin daji. Mai kanti a Gusau ba abin da akwatinsa ya tsinana masa a makonnin nan, kome tsadarsa.

Sai batun kuɗi. Cikin Janairu 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Makarantar da ta sayi akwatin ba ta ware kuɗin data na wata-wata ba, ta sayi doki ne ba ta tanadi harawa ba.

Labarin 5G kuwa, wanda MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo a 2023, a ganinmu kada ya ruɗi kowa. Inda turken garinku bai wuce 4G ba, akwatin 5G gudun 4G zai yi. Rarar kuɗin gara a sayi batir da faifan hasken rana da ita, gama akwatin ba ya aiki in ba wuta.