Shinge Yana Birni, Gona Tana Bagudo

Duk ɗalibin da ya koma gida hutu a ƙasar Bagudo ya ga abin da muka gani. Da almuru ta yi, sai yara su yi cincirindo a rumfar mai cajin waya, kai goma bisa allo ɗaya. Mun taɓa tsayawa a wani gidan wasan kwamfuta muka tarar da yaron da bai wuce shekara tara ba yana buga Grand Theft Auto, watau wasan da ake ƙwace motoci ana harbin mutane. A Turai lamba 18 ce a jikin kwalinsa. Yaron nan kuwa bai taɓa ganin kwalin ba, haka ma ubansa.

Ba rashin doka ne ya kawo wannan ba. Tun 1993 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda ke raba fina-finai aji-aji: na kowa da kowa, na kallo tare da iyaye, sa'an nan na 'yan shekara 12, da 15, da 18. Jihar Kano ta kafa tata hukumar a 2001. Sauran ƙasashe ma kowa da ma'auninsa. Amurka ta fara sa wa fina-finai haruffa a 1968, ta kuma kafa wa wasanni tsarin ESRB a 1994, bayan majalisar dattawanta ta yi zama a kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat. Turai ta fito da PEGI a 2003, mai matakai biyar: 3, 7, 12, 16 da 18.

To, amma dukan waɗannan alamu an ƙirƙiro su ne domin ƙofar silima da kantin sayar da faifai, inda akwai mai karɓar kuɗi da zai dubi fuskar yaro ya ce masa ya koma gida. Mu kuwa fim ba ta ƙofa yake shigo mana ba. Masu tura fina-finai ne ke zuba shi a memori, ko aboki ya tura wa aboki daga waya zuwa waya. Fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa, da na Faransanci da ke biyo 'yan kasuwa daga Jamhuriyar Benin ta Lolo ko Tsamiya, duk tsirara suke isowa, ba kwali ba lamba. Ko lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, buhun shinkafa aka iya tarewa. Wa ya taɓa tare memori?

Wasu za su ce a hana kallon baki ɗaya. Ba mu tare da su. Hanin da ba a iya tsarewa sai dai ya mai da abu ɓoye, ya kuma toshe wa samari masu tura fim hanyar abincinsu. Amfanin lamba shi ne ta bar wa babba zaɓinsa, ta kuma ba uba abin da zai yi hukunci da shi.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na farko, hukumar ta wajabta a faɗi ajin fim da baki, cikin Hausa, a farkonsa, domin murya tana bin fim duk inda aka tura shi, kuma wanda bai yi boko ba ma zai ji. Na biyu, Ƙaramar Hukumar Bagudo ta zauna da masu gidajen kallo da masu tura fim, a ware lokacin yara daban, a kuma ware ma'ajiyar fina-finansu daban. Na uku namu ne, mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata: mu muka iya karanta lambobin nan, wajibinmu ne mu bayyana su ga iyayenmu da ƙannenmu.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hutu mai zuwa, kafin ka miƙa wa ƙanenka wayarka, ka fara duba abin da ke cikinta.