A Sa Wa Wayar Kuloci Mai Ko A Bar Ta?

Wata gardama ta daɗe tsakanin masu babur na Dutsen Abba, waɗanda kullum suke sammako zuwa ofisoshi da makarantun Tudun Wada da na cikin birnin Zariya. Waɗansu sun ce sa wa wayar kuloci mai ɓarna ce, don mai yana jawo ƙura. Waɗansu kuwa duk ran da aka juye musu baƙin mai sai su ce a ɗura musu tsohon a cikin wayar. Mu dai a ganinmu kowane ɓangare ya kama gefe guda na gaskiya ya saki ɗayan.

Wayar nan irin wadda Ernest Bowden ya yi wa rajista a Ingila cikin 1896 ce, watau siraran zaruruwan ƙarfe da aka tufke, suna kai da komowa cikin bututu. Da damina ruwa yakan shiga ta bakin bututun ya haifi tsatsa, da hunturu kuma ƙura ta bi sawu. Daga nan sai hannun kuloci ya yi tauri, zaruruwan su dinga tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, galibi a wuyan wayar kusa da hannu. Abin tsoron shi ne waya ba ta zaɓen wurin tsinkewa. Tana iya yi wa mutum haka a kan titin Kaduna, ga ɗa a baya, ga manyan motoci suna tafe.

Saboda haka muka ce a sa mai, amma da sharaɗi. Tsohon baƙin mai cike yake da dauɗar inji, giris kuwa in an cusa shi cikin bututu sai ya haɗu da ƙura ya daskare. Nan masu hani suka yi gaskiya. Abin da ya kamata shi ne a zare kan wayar daga hannu, a ɗaga shi sama. In ana jin tsakuwa a ciki a fara wankewa da kananzir. Sa'an nan a ɗaura 'yar leda a bakin bututun kamar mazurari, a zuba sabon mai maras kauri kaɗan, a riƙa jan wayar ana saki har ya ɗigo ta ƙasa. Giris wurinsa shi ne ɗan kan wayar da yake juyawa cikin hannu. Bayan an mayar, a bar wa hannun ɗan sako-sako kafin ya fara ja, don kada kulocin ya riƙa zamewa.

Amma fa a lura, akwai wayoyin zamani da aka shimfiɗa wa roba mai santsi a cikin bututu. Waɗannan sau da yawa ba su bukatar mai, wani man ma kumbura robar yake yi. To, sai a duba littafin babur ɗin, ko a tambayi makaniki.

Shawararmu ga malamai da akawuna ita ce su yi wannan aiki sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar ruwa da bayan hunturu. Wanda ya ga ko zare guda ya tsinke, kada ya ɓata mansa, sabuwar waya zai saya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.