Shugaban da ya iya cewa a'a

Aiki mafi wuya ga mai jagorantar tsara manhajar sada zumunta a ƙaramin kamfani shi ne watsar da abin da abokan aikinsa suka hana idonsu barci suka gina. A 2010 Kevin Systrom da Mike Krieger suna da manhaja mai suna Burbn a San Francisco, wadda aka cika mata kaya: mutum ya sanar da inda yake, ya shirya haɗuwa da abokai, ya tara maki, ya saka hoto. Da suka zuba ido a kan abin da jama'a ke yi da ita, sai suka ga hoto kawai ake ɗoki. Suka share sauran, suka bar hoto da tsokaci da alamar so, suka sa mata suna Instagram. Dubi wata ƙaramar dabararsu: hoto yana fara hawa intanet tun kana rubuta bayaninsa, kafin ka danna aikawa ya kusa isa. Mai wayar ba ya ganin haka, sauri kawai yake ji. A 2012 Facebook ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 1, ma'aikatansa 13 kacal. Ina jin takaici idan na ga matasanmu masu hazaƙa sun cusa hira da kasuwa da labarai da wasanni a manhaja ɗaya, alhali mutanen da suke nema ƙananan wayoyi gare su, data kuma da tsada. 'Yan uwa, ku zauna kusa da masu amfani da manhajarku, ku ga inda yatsansu ke tsayawa, sauran ku cire.