Ciwon Ƙoda a Haɗeja: A Kai Gwaji Bakin Fadama

Kawuna manomin shinkafa ne a fadamar Auyo. Shekara biyu yana kukan kasala, muna cewa wahalar noma ce. Sai da ƙafafunsa suka kumbura har takalmin roba ya ƙi shiga muka kai shi asibiti. Likita ya ce ƙodojin sun riga sun gaji. Wankin ƙoda ya cinye shanu biyu da gonar gado, Kawu bai ga damina ta gaba ba. Allah ya jiƙansa.

Duk ɗan Haɗeja ya san irin wannan labari, mutanen Gashuwa ma haka. Masana na ta binciken musabbabin: ruwan sha, maganin feshi, ko zafin rana. Amma akwai abin da aka riga aka sani: sau da yawa ƙoda kan daɗe tana zubar da furotin cikin fitsari kafin mutum ya ji ciwo. A wannan gaɓar ake iya taron cutar.

A 2007, George Whitesides, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Harvard ta Amurka, da abokan aikinsa suka fito da wata 'yar takarda mai girman kan sarki. Takan tsotsi fitsari kamar yadda lagwani ke jan kananzir, sai launinta ya sauya idan akwai suga ko furotin. Ba ta bukatar lantarki ko inji.

Asibitocinmu na da tsinken gwajin fitsari, amma daga waje ake kawo shi, farashinsa na bin dala, zafi da laima kuma na lalata shi. Muna bukatar wanda zai jure zafin Afrilu, ya shiga jakar ma'aikacin lafiya, ya hau kwalekwale zuwa ƙauyukan Guri da Kirikasamma lokacin ambaliya, ya kuma nuna jinin tsargiya a fitsarin yara masu wanka a kogi.

Ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga ta Tarayya a Dutse. Ina roƙon gwamnatin Jigawa da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund su ware wa malaman sinadarai na waɗannan jami'o'i kuɗin shekaru na aikin samar da irin wannan takardar gwaji, kada a tsaya ga sayen injin wankin ƙoda kawai. Takarda ba ta warkarwa, amma tana tura mutum awon jini tun ƙafarsa na shiga takalmi.

'Ya'yan Kawu uku na noma a fadamar nan, suna shan ruwan da ya sha. Har yau ba wanda aka taɓa gwada fitsarinsa.