Mutum tara, ƙananan hukumomi uku: Wa ke zaɓa wa Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ɗan takarar shugaban ƙasa?

A watan Yunin 2022, lokacin da jam'iyyar APC ta taru a dandalin Eagle Square da ke Abuja domin fitar da wanda zai gaji Muhammadu Buhari, mutum tara ne suka tsaya a madadin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kowace ƙaramar hukuma daliget uku aka ba ta, jihar Katsina baki ɗaya kuma 102.

A PDP lissafin ya fi haka ƙanƙanta: daliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma. Wato mutum uku ne suka yi magana da yawun mazaɓar tarayyar gaba ɗayanta.

Yanzu da hankula suka karkata ga 2027, wannan lissafi ya cancanci a sake dubansa, domin a irin wannan taron ne aka yanke wanda mai ƙuri'a ya tarar a kan takardar zaɓe a 2023.

Yadda aka tace sunayen

Tun kafin daliget su kama hanyar Abuja an fara tankaɗe da rairaya. Matakin farko kuɗi ne: APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40.

A ranar 31 ga watan Mayu, Buhari ya tara gwamnonin APC ya nemi su mara masa baya wajen zaɓen magajinsa, kamar yadda su ma ake bari su zaɓi nasu magadan a jihohi. Kwana huɗu bayan haka, gwamnonin jam'iyyar na Arewa, ciki har da na Katsina a lokacin, Aminu Bello Masari, suka fitar da sanarwar cewa mulki ya koma Kudu.

Ranar 6 ga Yuni shugaban jam'iyyar, Sanata Abdullahi Adamu, ya sanar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha. Gwamnoni da wasu 'yan kwamitin gudanarwa suka ƙi amincewa, sannan gwamnonin suka rage sunayen zuwa biyar: Bola Tinubu da Yemi Osinbajo da Rotimi Amaechi da Kayode Fayemi da David Umahi. A daren zaɓen mutum bakwai suka janye wa Tinubu a bainar jama'a.

Sakamakon: Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152.

A PDP ma janyewar Aminu Waziri Tambuwal a daren 28 ga Mayu ce ta sauya lissafi, Atiku Abubakar ya samu 371, Nyesom Wike ya samu 237.

A duka tarukan biyu, daliget sun jefa ƙuri'a ne bayan manya sun gama shirya fagen. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Katsinawa. A Disambar 2006 gwamnonin PDP ne suka janye wa Umaru Musa 'Yar'aduwa bisa buƙatar Shugaba Olusegun Obasanjo, taron jam'iyya ya zo ya tabbatar.

Abin da mutum taran suka baro a gida

Ƙananan hukumomin nan uku na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. A daren 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kusan mako guda. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, su ukun duk suna ciki. Manoma da dama a yankin, wanda ake ji da shi wajen noman masara da dawa da waken suya, sun bar gonakinsu na nesa da gari.

Tsaro da 'yan sanda da soja duk a hannun gwamnatin tarayya suke. Saboda haka wanda jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa ya shafi rayuwar manomin Faskari kai-tsaye, fiye da yadda ya shafi mazaunin Maitama.

Sai dai tsarin daliget bai bai wa wannan manomi ƙofar shiga ba. A aikace, a 2022 jagororin jam'iyya na jiha ne suka fi babbar murya wajen rubuta sunayen daliget, su ne suka kai su Abuja, suka kama musu masauki. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga kuma zarge-zargen rabon dala da suka dabaibaye tarukan 2022, har jami'an EFCC suka bayyana a wurin taron PDP.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙara rage yawan masu ƙuri'ar. Sashe na 84(8) ya ce zaɓaɓɓun daliget ne kawai za su yi zaɓe, abin da ya fitar da 'yan majalisa da tsofaffin masu muƙamai da a da ake ba su dama saboda kujerunsu. Majalisa ta yi gyara cikin gaggawa, Buhari bai sa hannu ba. Idan masu zaɓe suka ragu, juya su ya fi sauƙi.

'Yar tinƙe ce mafita?

Masu sukar tsarin daliget na ganin a bar kowane ɗan jam'iyya ya yi layi a mazaɓarsa. Amma wannan ma da nasa cikas ɗin.

A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe, Buhari shi kaɗai ne ɗan takara, aka sanar da ƙuri'a sama da miliyan 14.8. A babban zaɓen 2019, wanda kowa da kowa ya shiga, abin da ya samu bai wuce miliyan 15.2 ba. Idan babu rajistar 'yan jam'iyya da kowa ya yarda da ita, wanda ke riƙe da alƙalamin tattara sakamako shi ne mai zaɓen.

A Disambar 2021 Buhari ya ƙi sa hannu a ƙudirin da ya tilasta 'yar tinƙe, inda ya kafa hujja da tsadar aikin da matsalar tsaro. Hujjar tsaron na da ma'ana a ƙauyen da mutanensa ke gudun hijira a Funtua ko cikin garin Ƙanƙara. Amma ma'anarta ita ce waɗanda rashin tsaro ya fi cutarwa su ne aka fi nesantawa da zaɓen wanda zai magance shi.

Ko a Birtaniya, 'yan jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau sun zaɓi Liz Truss a 2022 da ƙuri'a 81,326 kan 60,399 na Rishi Sunak, bayan 'yan majalisa sun tace musu sunaye biyu. Ba ta cika kwana 50 a mulki ba. Bambancin shi ne can an san adadin masu rajista, kuma ba a yi gardama kan ƙidayar ba.

Ranar da talaka ya rama

A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, Atiku ya samu ƙuri'a 489,045 a Katsina, Tinubu ya samu 482,283. Tazarar 6,762 ce kawai, amma a jihar shugaban ƙasa mai ci. Ƙarancin takardun naira da na fetur sun taka rawa, haka ma fushin da ake yi kan tsaro. Mako uku bayan nan jihar ta zaɓi Dikko Umaru Radda na APC gwamna da rata mai faɗi, tare da mataimakinsa Faruk Lawal Jobe, ɗan Ƙanƙara. Masu ƙuri'ar sun bambance tsakanin ɗan takarar da suka sani da wanda aka kawo musu.

A wannan karon an fara tacewar tun da wuri. A watan Mayun 2025 gwamnonin APC suka ayyana Tinubu a matsayin ɗan takararsu ɗaya tilo. A watan Yuli 'yan hamayya suka rungumi ADC ƙarƙashin David Mark, inda babbar tambayar a lokacin ita ce ta wace hanya za a fitar da gwani tsakanin manyan da suka hallara.

Abin da ya rage a hannun ɗan jam'iyya a Sabuwa shi ne taron mazaɓa. A nan ake rubuta rajista, a nan ake zaɓen shugabannin da daga baya za su sa hannu a kan maslaha ko su tattara sakamakon layi. Taro ne da yawanci ba a cika halarta ba, kuma shi ne mataki ɗaya tilo da ba ya buƙatar kuɗin motar Abuja.